Bel Ɗin Auna Bugun Zuciya Ya Fara Ƙarya? A Bi Sawun Matsalar Kafin a Jefar da Shi

Duk wanda ya daɗe yana hawan keke da bel ɗin ƙirji mai auna bugun zuciya ya san wannan takaicin. Mutum na gangarowa daga tudu, ko feda ba ya takawa, numfashinsa lafiya lau, amma allon waya na nuna 228. Wata rana kuma yana tsakiyar hawan tudu, gumi na zuba, sai lambar ta tsaya cak a 94 kamar wanda ke zaune yana shan shayi. Idan an dawo gida an buɗe Strava, sai a tarar da zanen bugun zuciyar ya yi tsalle-tsalle, wani wurin ma babu komai.

Abin da yawancin mutane ke yi a nan guda biyu ne: ko su sayi sabon bel, ko su yanke hukuncin cewa duk bel shirme ne su koma dogaro da agogon hannu. Duka biyun gaggawa ce. Waɗannan na'urori daga waje ake kawo su, da dala ake yi musu farashi, don haka jefar da mai lafiya asara ce ta gaske ga matashin da ya yi tanadi kafin ya saya. Sannan ga mai keke, har yanzu bel ɗin ƙirji ya fi agogo faɗin gaskiya. Mafi yawan lokuta 'yar na'urar da ke maƙale a tsakiyar bel ɗin ƙalau take. Matsalar na fitowa ne daga busasshiyar fata, ko riga, ko tsohon ƙyalle, ko batir, ko kuma wayar kanta. Wanda ya san yadda zai bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya zai gyara abinsa da ɗan kuɗi kaɗan, wani lokaci ma ba tare da ya kashe ko sisi ba.

Yadda bel ɗin yake aiki

Fasahar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Polar na ƙasar Finland, wanda aka kafa a 1977, shi ya fito da na'urar auna bugun zuciya mara waya ta farko da ɗan wasa zai ɗaura a jikinsa a 1982. Daga lokacin zuwa yau tushen aikin bai canza ba. Duk sanda zuciya za ta buga, tana fitar da wata 'yar wutar lantarki da ke isowa har kan fata. Ita ce wutar da na'urar ECG ke karantawa a asibiti. A cikin bel ɗin akwai faifan roba biyu masu ɗaukar wuta, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Su ke karɓo wannan sigina su miƙa ta ga maɓallan ƙarfe biyu, daga nan 'yar na'urar ta ƙirga tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, ta aika da lambar zuwa waya ko agogo ko kwamfutar keke.

Abin lura shi ne ƙanƙantar siginar. Ƙarfinta a kan fata kusan kashi ɗaya ne cikin dubu na volt guda. Batirin da ke cikin na'urar kansa volt 3 ne, wato ya ninka ta sau dubbai. Sigina mai rauni haka, abu kaɗan ke danne ta ko ya yi kama da ita. Shi ya sa idan bel ya fara ƙarya, tambayar farko ita ce me ya shiga tsakanin zuciya da allo.

Masu rubuta manhaja suna da ƙa'ida idan suna neman ɓaraka: a fara gano lokacin da matsalar ke faruwa, sannan a canza abu ɗaya kawai a kowane gwaji. Wanda ya canza batir, ya wanke bel, ya sake manhaja duk a rana ɗaya, ko da abin ya gyaru bai san me ya gyara shi ba, kuma gobe idan ya dawo zai sake komawa farko.

Fata da riga

Idan lambobin banza na fitowa ne a minti goma na farko sannan komai ya daidaita, laifin bushewa ne. Busasshiyar fata ba ta wuce da wuta sosai. Gumi, saboda gishirin da ke cikinsa, shi ke haɗa fata da faifan robar. Kafin jiki ya yi ɗumi babu wannan haɗin. Maganin shi ne a jiƙa faifan biyu sosai da ruwa kafin a ɗaura, a ɗan jiƙa ƙirjin ma. Wasu na amfani da yawu, kuma yana yi. Wanda ke son abin da zai daɗe bai bushe ba zai iya samun jel ɗin da ake shafawa wajen gwajin ECG a shagunan kayan asibiti.

A arewa wannan matsala ta fi tsanani da hunturu, kuma dalilan biyu ne. Na farko, iska a bushe take, ruwan da aka jiƙa bel da shi kan bushe kafin gumi ya fito. Na biyu, lokacin ne kowa ke shafa basilin ko man kaɗanya bayan wanka. Mai yana toshe hanyar wuta. Wanda ya shafe ƙirjinsa da mai sannan ya ɗaura bel, tamkar ya sa leda ne tsakanin fatarsa da na'urar. Ranar hawa, a bar wurin da bel zai zauna babu mai.

Idan kuma lambar na tashi ne sama da 200 a gangara ko lokacin da iska ke bugun ƙirji, a duba riga. Rigunan keke da jesin ƙwallo yawanci na yadin roba ne. Idan suna kaɗawa a busasshiyar iska suna tara wuta, irin wadda ke yin ƙas-ƙas idan mutum ya cire rigar sanyi da daddare a hunturu. Na'urar na ɗaukar wannan tartsatsin a matsayin bugun zuciya. Gwajin mai sauƙi ne: a dafe rigar a ƙirji da hannu ɗaya a wurin da babu hatsari, idan lambar ta sauko an kama ɓarawon. A sa riga mai kama jiki, ko a jiƙa gabanta, ko a sa singileti na auduga a ciki.

Sai zaman bel ɗin. Wurinsa ƙasan ƙirji ne kaɗan, a kan fata kai tsaye, tambarin kamfanin na kallon gaba ba a juye ba. Ya kama jiki yadda ba zai zame ba idan an sunkuya kan keke. Masu siririn jiki ko masu gashin ƙirji da yawa kan ga sauƙi idan suka ɗan karkatar da na'urar zuwa hagu.

Ƙyallen yana tsufa

Nan ne mutane suka fi yin asara. Bel ɗin abu biyu ne: 'yar na'urar roba mai batir, da ƙyallen da ke zagaye ƙirji. Na'urar kan yi shekaru. Ƙyallen kuwa kamar tayar keke yake, amfani na cinye shi. Gishirin gumi na taruwa a kansa, faifan robar na tsagewa ko su ɓare daga gefe, maɓallan ƙarfen na yin tsatsa ko kore-kore. Alamar da aka fi gani ita ce komai na tafiya daidai har sai jiki ya jiƙe sharkaf, daga nan lambar ta faɗi ƙasa ko ta tsaya wuri ɗaya.

Kamfanonin da kansu sun faɗi yadda za a kula da shi, sai dai ba kowa ke karanta takardar da ke cikin kwali ba. A ɓalle na'urar daga ƙyallen bayan kowane hawa, a ɗauraye ƙyallen da ruwa, a shanya a inuwa. Lokaci-lokaci a wanke shi da sabulu mara ƙarfi, ban da bilic, ban da sinadarin laushin kaya, ban da guga. Ɓalle na'urar na da wata fa'idar: idan aka bar ta maƙale a jiƙaƙƙen ƙyalle, tana zaton har yanzu a jikin mutum take, sai ta kwana a kunne tana shan batir.

Hanya mafi sauri ta tabbatar da laifin ƙyalle ita ce aro. A ɗora na'urar a kan ƙyallen abokin hawa na tsawon fita ɗaya. Na'urori da yawa masu maɓalli biyu suna shiga ƙyallen juna, misali ta Garmin HRM-Dual tana zama a kan na Polar, ko da yake tsarin Wahoo TICKR daban yake. Idan matsalar ta ɓace, abin da za a saya ƙyalle ne kawai, kuma kuɗinsa bai kai na cikakken saiti ba ko kusa.

Batir

Idan siginar na yankewa gaba ɗaya, ko sai an kawo waya dab da ƙirji kafin ta ga bel ɗin, a duba batir. Polar H10 na amfani da CR2025, Garmin HRM-Dual da Wahoo TICKR kuma CR2032. Lambobin nan awo ne: duka biyun faɗinsu milimita 20, amma kaurin na farko 2.5, na biyu 3.2. Idan mai gyaran agogo ya sa siririn a gurbin mai kauri don shi ke gare shi, zai yi aiki a kan tebur, amma da keke ya fara girgiza a kan hanya mai gargada sai ya riƙa motsi yana yanke wuta.

Mitar gwada wuta ma kan yaudari mutum. Batirin da ya kusa mutuwa zai iya nuna kusan volt 3 idan ba ya aikin komai, amma ya faɗi da zarar na'urar ta fara aika sigina. Haka batiran da suka shekara a kan tebur a rana, ko na jabu. A sayi mai suna, a duba ranar ƙarewarsa. Wasu batiran kuma ana shafa musu wani sinadari mai ɗaci don kada yara su haɗiye, kuma wannan shafin kan hana su haɗuwa da ƙarfen wasu na'urori. Apple ma ya yi gargaɗi a kan haka game da AirTag. Bayan an cire tsohon batir a dakata kamar daƙiƙa 30 kafin a sa sabo, a kuma tabbata siririyar robar da ke hana ruwa shiga ta koma mazauninta. Tsohon batirin a kawar da shi daga inda yara za su kai, domin haɗiye shi na iya ƙona maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i.

Wayar ma tana da nata

Bel na zamani na magana da yare biyu. Akwai ANT+, wanda kamfanin Dynastream na Kanada ya ƙirƙira kafin Garmin ya saye shi a 2006. Wannan kamar gidan rediyo yake, na'urori nawa ma za su iya sauraro lokaci guda. Akwai kuma Bluetooth mai ƙarancin cin wuta, wanda ya zo da Bluetooth 4.0 a 2010. Shi kamar kiran waya yake, layukansa ƙidayayyu ne. Polar H9 layi ɗaya gare shi, H10 biyu, sabon TICKR uku. iPhone ba ta da ANT+, haka yawancin wayoyin Android na yanzu, don haka mai amfani da waya da Bluetooth yake aiki.

Daga nan matsalar da ta fi yawa ke fitowa. Idan agogo ko wata manhaja da aka manta a buɗe ta riga ta kama layin, Strava ba za ta ga bel ɗin ba ko an kwana ana nema. Haka idan aka haɗa shi ta saitin Bluetooth na waya kamar yadda ake haɗa abin sauraron kunne. Yawancin manhajojin motsa jiki sun fi son a haɗa bel daga cikinsu. A cire shi daga jerin na'urorin waya, a rufe sauran manhajoji, a ɗaura shi a jiƙe, sannan a nema daga cikin manhajar.

Sai izini. A wayoyin da ke ƙasa da Android 12, manhaja ba ta iya neman irin wannan na'ura sai an ba ta izinin ganin wurin da waya take. Daga Android 12 zuwa sama akwai izini na daban na na'urorin da ke kusa. Bayan haka akwai tsarin tattalin batir. Wayoyi da yawa da ake amfani da su a nan, irin su Tecno, Infinix da Xiaomi, suna zuwa da tsarin da ke kashe manhajojin da ke aiki a bayan fage idan allo ya mutu. Idan zanen bugun zuciya na yankewa ne 'yan mintuna bayan an sa waya a aljihu, a shiga saitin batir a cire manhajar daga cikin waɗanda ake taƙaita wa wuta. Aljihun ma na da tasiri: jikin mutum yawancinsa ruwa ne, kuma ruwa na shanye siginar 2.4 GHz. Wayar da ke aljihun baya tana da gangar jiki sukutum tsakaninta da bel. Wadda ke kan hannun keke tana kallonsa kai tsaye.

Wanda ke son ya raba gardama tsakanin bel da manhaja sai ya sauke nRF Connect, manhajar kyauta ta kamfanin Nordic Semiconductor na Norway. Tana nuna abin da bel ɗin ke aikowa tsagwaronsa, kafin wata manhaja ta taɓa shi. Bugun zuciya na ƙarƙashin sashe mai lamba 0x180D, kuma sabuwar lamba na shigowa kusan kowace daƙiƙa. Idan a nan lambobin na tafiya daidai amma manhajar hawa na yankewa, bel ɗin ba shi da laifi. A kuma duba manhajar kamfanin da ya ƙera shi ko akwai sabuntawa. Ta wannan hanyar ce ma H10 ya samu ANT+ a 2019, shekara biyu bayan fitowarsa.

To me zai hana a koma agogo?

Masu wannan ra'ayi suna da hujja. Agogo ba ya buƙatar jiƙawa, ba ya matse ƙirji, kuma ga tafiyar ƙasa ko auna bugun zuciya lokacin barci ya wadatar. Amma aikinsa daban ne. Yana haska koren haske cikin fata ya auna yadda jini ke ƙaruwa da raguwa a jijiyoyi. A kan keke wuyan hannu a lanƙwashe yake, yatsu sun damƙe ƙarfe, hanya na jijjiga hannu. Duk waɗannan na rikita hasken. Idan mutum ya taka da ƙarfi na daƙiƙa 30, agogo kan makara kafin ya nuna tashin, wani lokaci ma ya ɗauki girgizar hannu a matsayin bugu. Kuskuren bel yawanci a bayyane yake, 230 ko sifili, kowa zai gane. Na agogo kuwa kan zo da lamba mai kama da gaskiya, 135 alhali zuciya na 165, mutum ya gina atisayensa a kai bai sani ba.

Ga wanda bel ke goge masa fata ko ya kasa sabawa da shi, akwai matsakaiciyar hanya: abin ɗaurawa a damtse, irin su Polar Verity Sense ko Wahoo TICKR Fit. Shi ma haske yake amfani da shi, amma damtse na da nama kuma ba ya jijjiga kamar wuyan hannu, wutar riga kuma ba ta dame shi ba.

Kamfanonin ma ba su fita ba

Ba duka laifin ke kan mai amfani ba. Kamfanin da ya san ƙyalle na mutuwa kafin na'ura, amma ya haɗe su wuri guda yadda ba a rabawa, kamar yadda Garmin ya yi a HRM-Pro, ya ɗora wa mai saye sayen sabon saiti saboda ƙyalle kawai. Murfin batir mai ƙananan sukurori huɗu, irin na HRM-Dual, shi ma wahala ce ga wanda ba shi da ƙaramin sukudireba. Manhajoji kuma kan canza ba tare da la'akari da mai na'ura ba: a 2019 Strava ta cire damar haɗa bel da manhajarta ta waya gaba ɗaya, sai daga baya ta dawo da ita. Saboda haka mai niyyar saye ya duba abu uku: na'urar tana ɓallewa daga ƙyalle, ana samun ƙyallen shi kaɗai, kuma tana da Bluetooth da ANT+ duka. Wanda zai sayi na gwanjo ya sa a ransa tun farko cewa zai canza ƙyalle da batir, ya yi ciniki a kan haka.

Ranar da lambar ta faɗi gaskiya

Akwai hatsari a sabo da cewa duk lamba mai ban tsoro ƙaryar na'ura ce. Wani lokaci zuciyar ce da kanta. Akwai larurar da bugu ke tashi farat ɗaya zuwa tsakanin 150 da 250 a minti, ya tsaya a can na wani lokaci, sannan ya sauko farat ɗaya kamar an kashe makunni. A kan allo wannan na kama da matsalar riga. Abin da ke raba su yatsu biyu ne. A tsaya a gefen hanya, a ɗora yatsu a gefen wuya ko wuyan hannu, a ƙirga bugu na daƙiƙa 15, a ninka sau 4. Idan yatsu sun ce 110 allo na cewa 220, na'ura ce. Idan sun yi daidai da allo, ko akwai jiri, ciwon ƙirji, faɗuwar gaba, sarƙewar numfashi ko suma, hawa ya ƙare a ranar. A je asibiti a yi ECG, a tafi da zanen da manhajar ta ajiye a nuna wa likita.

Haka kuma ba duk lamba mai yawa ce cuta ba. Lissafin nan na cire shekaru daga 220 kintace ne kawai, mutane na saɓa masa da bugu goma ko fiye, sama ko ƙasa. Ɗan shekara 25 da ya ga 200 a ƙarshen tudu mai tsayi, lambar ta hau a hankali ta kuma sauko a hankali, ba lallai ne akwai matsala ba. A zafin bazara ma bugu kan riƙa hawa sannu-sannu ko da gudun bai ƙaru ba, saboda jiki na rasa ruwa kuma yana tura jini zuwa fata don ya huce. Wannan bel ɗin aikinsa yake yi, kuma abin da yake faɗa shi ne a sha ruwa a rage wuta.

Jerin gwajin dai gajere ne: a jiƙa bel a guji mai, a duba riga, a gwada ƙyallen aro, a sa sabon batir mai lambar da ta dace, a duba bel ɗin a nRF Connect, a gyara izini da saitin batir na waya. Kowanne a fita ɗaya, a rubuta abin da aka gani. Idan an bi duka shida kuma na'urar na ci gaba da shirme a kan ƙyalle mai kyau da sabon batir, to ta mutu da gaske, sai a nemi garanti idan da saura ko a sayi wata.